Jar Masarar Maurice

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da injin niƙa a bayan kasuwar Guider, kuma cikin duk waɗanda suka taɓa ajiye mini kwano a layi, babu wanda ya kai Maurice ba ni dariya, babu kuma wanda ya kai shi ba ni haushi. Sunana Zainabu, amma Hajja mai inji ake ce mini a unguwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsince shi ba.

Maurice mutumin kan dutse ne, daga wani ƙauye can bayan Mayo-Oulo. Ya gangaro gari yana saurayi, da fartanya da wata tsohuwar ganga. Da damina yana noma masara da gyaɗa a gonar aro, da rani kuma ya tura amalanke ranar kasuwa. Ya auri Rosalie, mace mai haƙuri wadda sai ka matsa kusa kake jin muryarta, suka haifi 'yan mata biyu, Arlette da ƙanwarta Larissa. Ran Lahadi shi ne mai buga ganga a cocinsu, kuma gaskiya ya iya.

A cikin coci aka haife shi, a ciki ya girma, har ya saba da Allah irin sabon da ake yi da maƙwabci. Patron yake ce Masa, wato maigida. In hadari ya haɗu ya baje ba ruwa, sai ka ga ya ɗaga kai sama yana cewa, "Haba Patron, yau ma wasa ka yi da mu?" Ni dai tsigar jikina tashi take yi.

"Kai Maurice, ka ji tsoron Allah," in ce masa.

"Tsoron me, Hajja? Babana ne fa. Ɗa yana sallama kafin ya shiga gidan ubansa?"

Rosalie ma ba ta son wannan hali, fastonsu ya ja masa kunne ya gaji. Ba wai ba ya addu'a ba ne. Yana yi safe da yamma, yana tara yara, amma bakinsa na karantawa idonsa na kan tayar amalanke. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Ni kuma haushina da shi bai hana ni dariyar barkwancinsa ba, don haka ba ni da bakin cewa na fi shi.

Shekara uku da suka wuce damina ta yi mana gardama. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sai ya ɗauke kusan wata guda, tsiro ya ƙone a ƙasa. Maurice ya samo wani irin masara na zamani don ya sake shukawa, irin nan da ake turmusawa da maganin ƙwari har ya koma jawur. Ya yi ta jiran ruwa, da ruwan ya dawo lokacin shuka ya riga ya wuce. Bara ma bai samu abin kirki ba, rumbunsa tun watan shida aka share shi. Da watan takwas ya kama, abin da ya rage a gidan kaf shi ne rabin kwano na jar masarar nan.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, ko kuma in ce ban so in sani ba. Mutumin da kullum yake wasa, wa zai duba cikinsa? Na dai lura Rosalie ta daina kawo niƙa, na ce a raina ko ta koma wani injin ne, har na ɗan ji haushinta.

Wata Talata da hantsi sai ga shi da kansa da ƙwarya a rufe. Da na buɗe, masara ce a jiƙe, ta yi fari-fari, amma a tsagar kowace ƙwaya akwai ja.

"Wannan ai iri ne, Maurice."

"An wanke shi, Hajja. Sau uku da ruwan toka, sau ɗaya da tsamiya. A kasuwa aka ce mini haka ake yi, maganin a bayan fata kawai yake."

"Wane jahilin ne ya ce maka? Guba za ka zuba mini a inji, in kashe mutanen unguwa? Ɗauke mini!"

Ya yi dariya, ya rufe ƙwaryarsa. "Pardon, Hajja, kada ki cinye ni. Patron ba zai bar talakansa ya mutu a kan masara ba."

Ya juya ya tafi. Injina na tsare, na kuwa tsare shi da kyau. A bayana a lokacin akwai buhun dawa uku jingine da bango. Ban tambaye shi me ya sa magidanci zai wanke iri ba, ban ɗebi kwano ɗaya na bi shi da shi ba. Masifa na ba shi, ita ce ba ta da tsada.

Na ji dakan Rosalie ta bayan katanga. Daga baya ta gaya mini ita ma zuciyarta ba ta kwanta ba, amma kwana biyu yaran ba su ci komai ba sai dafaffen ganye, Larissa har ta daina kuka. Tuwon bai yi yawa ba, malmala biyu ce ƙanana. Maurice ya dube su, ya ce shi ya ci wani abu a kasuwa, ƙarya kuwa yake. Rosalie ma ta ce ta ƙoshi. Suka tura wa yaran duka, ya sa albarka a gurguje, suka zauna suna kallonsu suna ci.

Kafin la'asar na ji ihun Rosalie, muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Da na shiga, Larissa na kwance a ƙasa tana karkarwa, kumfa na fita a bakinta, Arlette kuma ta duƙa tana amai. Babura biyu muka tare. Larissa, mai shekara huɗu, ba ta kai ƙofar asibiti ba. Arlette tana da tara, jikinta ya fi ƙwari, aka shiga da ita, likita ya ce sai abin da Allah Ya yi.

Kwana uku tana tsakanin rai da mutuwa. Washegari aka binne ƙaramar, mutanen cocinsu suka yi waƙoƙinsu ba ganga. Ni kuma na riƙa kai abinci asibiti a kwano mai murfi, abincin da na hana ran Talata. Wasu a unguwa suka fara cewa hukunci ne, bakin Maurice ne ya jawo masa. Na ce musu ƙarya suke, su rufe mini baki. Yunwa ce da jahilcin kasuwa, da maƙwabta irina.

A rana ta biyu na tarar da shi ƙarƙashin dalbejiyar asibiti, fasto na gefensa. Faston ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, yi wa 'yarka addu'a, mu ce amin." Maurice ya durƙusa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Mutumin da ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ya kifa goshinsa a ƙasa ya daɗe a haka.

Da faston ya tafi, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Hajja, shekara arba'in ina kiran Allah kamar mai shayi. Yau na zo kira, sai na tuna wanda zan kira. Numfashin yarinyar nan a hannunsa yake, in ya so ya bari, in ya so ya ɗauka, ba wanda zai ce masa don me. Da wane baki zan fara?"

Kuka na yi, ni da ba na kuka a gaban maza.

Arlette ta farfaɗo, aka sallame ta, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo: ta ƙi cin abinci. Ruwa kawai take sha. Rosalie ta dama kunun gyaɗa, ta kawar da kai. Na kawo shinkafar garin Maga da kifi, ta datse haƙora. Likita ya ce hanjinta lafiya lau. Muna kallo wuyanta na ƙara tsawo, idanunta na faɗawa, yarinyar da aka ƙwato da ƙyar tana shirin sulalewa a tsakar gida.

A kwana na biyar ina zaune a gidan da rana, Maurice ya ɗauki kwanon tuwon dawa ya zauna a ƙasa a gabanta.

"Ci ko loma ɗaya, 'yata."

Ta dube shi, sannan ta yi maganar farko tun dawowarta.

"Papa, ranar nan kai ba ka ci ba. Mama ma ba ta ci ba."

"Ban ci ba."

"Don me?"

Sai a lokacin muka gane abin da yarinyar nan ta kwana biyar tana juyawa a ranta: ko da gangan aka ba su gubar. Rosalie ta toshe baki da zane ta shige ɗaki. Maurice ya ce, "Don ku ƙoshi."

Ta tura masa kwanon da yatsa.

"To ka fara."

Ya gutsuri loma. Kafin ya kai baki ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji," a hankali kamar mai tsoron a amsa, bai iya ƙara komai ba. Ya ci. Muka zauna, yarinyar na kallon fuskarsa, har inuwar katanga ta matso. Sannan ta miƙa hannu.

Tana da shekara goma sha biyu yanzu, tana zuwa makaranta, ta yi ƙiba. Ba ta sake yi masa wannan tambayar ba. Amma har yau, ko biki aka je, ko a gidana ne, Arlette ba ta sa hannu a kwano sai ubanta ya haɗiye.