Sunana a Bakin Adda

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin Umma ta riga ni. Ni na cike fom ɗin, ina zaune a kan dilar atamfa a shagonta na Jakara, ina kaɗa ƙafa. Inda aka tambayi dangantakata da wadda za ta yi tafiya da ni, na rubuta "uwa". Inda aka tambayi dangantakata da mai ba da izini, na rubuta "yaya". Na sa hannu har da 'yar ƙugiya a ƙarshe irin ta manyan ma'aikata.

Ban yi ƙarya ba, a ganina. Umma yayar Babana ce, wato gwaggota, amma tun da aka yaye ni aka kai mata ni, a ɗakinta na yi wayo. Wadda ta haife ni tana Dukawuya, Adda nake ce mata, wato yaya da fillanci, yadda ƙannenta suke kiranta. Mu Fulani ne, ko da yake rabon gidanmu da ruga tun zamanin kakan Baba. Abin da ya rage mana shi ne fillanci kalma biyar da kunya buhu ɗari, kuma duk buhunan a ɗakin Adda aka jibge su. Ni ne ɗanta na fari, ga shi sunan mahaifin Baba aka sa mini, sunan surukinta ke nan. Shekarata goma sha biyar a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce da ƙannena, "Ku kira wancan." In na gaishe ta, bango take amsa wa.

Tafiyar kuwa ba ƙarama ba ce. Umma tana zuwa Dubai saro kaya, wannan karon ta ce ta gaji da jin ƙarar fashewa da jiniya, za ta ƙara kwana biyar ta shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, kuma da ni za ta. Ta nuna mini hotonsa. Unguwa guda ce aka ɗora a kan ruwa, har da wurin ninkaya a samanta, wato ruwa a kan ruwa. Ni da babban ruwan da na sani shi ne wanda yake cika lungunmu da damina. Kafin la'asar duk ajinmu sun ji. Na ce musu jirgin ya fi kasuwar Kurmi girma, na yi wa mutum bakwai alkawarin kifi.

Ejan ɗin da yake shirya wa Umma tafiya ya karanta fom ɗina ranar Litinin, ya kalle ni ta saman gilashi.

"Hajiya, yaushe kika haife shi ban zo suna ba?"

Umma ta karɓa ta duba, ta kai mini ranƙwashi. Fom ɗin shi ke nan, babu wani, don haka ejan ya sa na soke "uwa" na rubuta "gwaggo", na soke "yaya" na rubuta "uwa" a samansa. Sannan ya yi bayani. Yaron da bai kai sha takwas ba, ba a fita da shi ƙasar waje, balle a sa shi a jirgin ruwa, sai da takardar izinin iyaye mai hatimin kotu. Baba kuwa yana fataucin shanu can gabas, inda aka katse layin waya saboda yaƙi, mako uku ba mu ji muryarsa ba. Saura uwa ke nan. Ita za ta je ta rantse cewa ita ta haife ni, kuma ta yarda. Takardar ta iso masa kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba Umma ta tafi ita kaɗai.

Umma ta ce, "Ai da sauƙi."

Ni dai na san Adda.

Talata da safe muka ɗauko ta a adaidaita sahu, don an hana acaɓa. Ta zauna a can ƙarshen kujera, ta sa Umma a tsakaninmu kamar katanga. A Ƙofar Ɗan Agundi akwai shingen sojoji, buhunan yashi da ganguna. Kowa ya sauka, maza mu ɗaga hannu sama mu wuce a ƙafa, mai adaidaita ya biyo mu a hankali. A bakin kotu kuma wani layin. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da waya. Umma ta bar jakarta wajen wata mai ƙosai da ba ta taɓa gani ba, tana tafe tana waiwaye.

Mai rantsarwar wani dattijo ne siriri, ƙafar gilashinsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Ya ɗauki fom ɗina, idonsa ya sauka daidai kan sokewar nan.

"Wa ya rubuta yaya?"

"Ni ne, Baba. Kuskure ne."

"Mutum yana kuskuren uwarsa?" Ya juya wajen Adda. "Malama, ke ce mahaifiyar yaron nan?"

Adda ta ja mayafi ta kalli fanka. "Ɗan Hajiya ne."

"Hajiya, ke kika haife shi?"

"A'a, ita ce."

"Malama, an ce ke ce."

"Haka ake faɗa."

"Ake faɗa? Ba kya wajen?"

Masu jira a benci suka tuntsire da dariya. Dattijon ya ce to, a bar wannan, ta faɗi sunan yaron kawai. Adda ta ce ai yana rubuce a takarda. Ya ce ya gani, daga bakinta yake so ya ji. Ta ce shi ma yaron ya san sunansa, a tambaye shi.

Umma ta matsa kusa da tebur ta rage murya. "Malam, ɗan fari ne. Kai ma ka san al'ada."

"Na sani, Hajiya. Ni ma ɗan fari ne, har tsohuwata ta rasu 'kai' take ce mini. Da shekarun baya ne da tuni na buga muku. Amma yanzu yara ake ɗauka ana kaiwa inda ba a dawowa. Ga takarda an soke, ga mace ta ce ba ɗanta ba ne. In na buga hatimi, gobe wa za a tambaya?"

Ya miƙo mana takardar, ya ce na gaba.

A hanyar komawa Umma ta yi faɗa tun daga bakin kotu har Dukawuya, ba ta tsaya ba ko a shingen sojoji. Ta ce kunyar da za ta hana yaro ganin duniya ba kunya ba ce, taurin kai ne. Adda ta ce, "To Yaya, ki ce musu ke kika haife shi mana, ai ba wanda ya isa ya musa." Umma ta ce, "In rantse a kan ƙarya don kada ke ki faɗi gaskiya?"

Da yamma na koma Dukawuya da dabaru. Na farko, na rubuta sunana a kwali da manyan baƙaƙe, na ce ta ɗauka karatu take yi, ba kira ba. Ta ce da ƙanwata, "Gaya wa wancan ya ɗauke mini kwali daga kan tabarma." Na biyu, na raba sunan gida uku, na ce ta faɗi na farko, ta sha ruwa, ta faɗi na biyu, ta yi tari, ta ƙarasa. Na uku, akwai wani mai kayan miya a bakin layinsu da muke suna ɗaya. Na ce ta rufe ido ta ɗauka shi take kira. Ashe shi ma shekara goma "mai tumatir" take ce masa saboda ni. Ƙannena suna ta birgima a tsakar gida. Autarmu, 'yar shekara huɗu, ta tsaya a gabanta tana rera sunana kamar talla, Adda ta kore ta da mafici.

Laraba ba mu ma kai kotu ba. Muna cikin layin shinge sai wani abu ya ce dam a bayanmu. Ban san lokacin da na tsallake kwata biyu ba. Wani mai lemo ya watsar da tirensa, wani alhaji ya bar takalmi da hula. Ashe tayar tirela ce. Kafin a gane haka an rufe hanya, kafin a buɗe an tashi daga aiki. Abin da na tuna shi ne, lokacin da kowa yake gudu, wani ya damƙi wuyan rigata ta baya har maɓalli ya tsinke, ya ja ni cikin wani zaure. Na waiwaya, Adda ce. Da ta ga na gan ta sai ta sake ni, ta shiga gyaran mayafi, ta ce da Umma, "Yaya, ki riƙe ɗanki."

Alhamis tun bakwai muna bakin kotu. Mai ƙosai ta gane mu, ta miƙo hannu ta karɓi jaka ba a ce mata komai ba. Sai sha ɗaya da rabi layi ya zo kanmu. Dattijon ya gyara zaren gilashinsa.

"'Yan haka-ake-faɗa ne. To Malama, an tuna?"

Fanka tana juyawa. Adda tana kallon wata kalanda ta bara a bango. Minti ɗaya, biyu. Wani a benci ya ce, "Baiwar Allah, mu ma fa da abin da ya kawo mu." Wata tsohuwa ta ce masa, "Rufe mana baki, kai ka san ɗan fari?" Nan benci ya rabu biyu, ana musu a kan haihuwata kamar ba na wajen.

Raina ya gama ɓaci. Na tuna mutum bakwai da kifinsu, na tuna yadda za a yi mini a aji. Amma na kalli hannun Adda, na ga tana murza bakin mayafi har yatsunta sun yi fari. Na zare takardar daga kan tebur.

"Baba, a bar shi. Na fasa. Dama ni ruwa ba ya burge ni, ko wanka sai an yi da gaske."

Umma ta ce, "Kai, ajiye takardar nan!"

"Wallahi Umma na fasa. Ki taho mini da hoton."

Na juya zan fita. Sai na ji Adda ta ce, ba da ni ba, da dattijon, "Malam, a ce ya toshe kunne."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, ka ji. Juya bango, ka toshe." Ya kalli benci. "Ku ma ku yi waje."

Aka watse, ana gunaguni. Na juya, na sa yatsu a kunne. Ba zan ɓoye ba, na dama kawai na toshe da gaske. Na hagu aron yatsa na ba shi.

Ta faɗa da sauri, ƙasa-ƙasa, kamar mai haɗiye magani mai ɗaci. Ta ce ita ta haife ni, ranar wata Juma'a da hantsi, ana ruwa. Ba a tambaye ta wannan ba. Sannan ta faɗi sunan. Ba yadda 'yan ajinmu suke guntule shi ba, ba yadda Umma take jan sa in na yi laifi ba. Cikakke ta faɗe shi, da lafazin Larabci, kamar yadda liman ya raɗa. Na yi ta kallon fentin bango, akwai wata tsaga mai kama da ƙadangare, na ƙura mata ido sosai.

Ƙarar hatimi ce ta dawo da ni. Dattijon ya ce, "Cire yatsan, na ga na hagun ma ya gaji." Adda ta riga ta kai bakin ƙofa.

Muka isa wajen ejan ana kiran sallar azahar, Umma tana haki, ƙosai ya ɓata mata jaka da mai. Baba ya dawo lafiya bayan kwana tara, ya ji labari, ya yi dariya har ya ƙware.

Takardar da ta ci mana kwana huɗu, a filin jirgin sama wani jami'i ya kalle ta bai kai daƙiƙa uku ba, ya miƙo. A bakin jirgin ruwa wata mata ta ɗauki hoton takardar. Jirgin bai kai kasuwar Kurmi girma ba, amma ya kusa. A kwana biyar ɗin na yi huɗu ina amai, na biyar na leƙa teku. Ban kawo wa kowa kifi ba. Da na dawo na je gaishe da Adda da tsarabar turare, ta karɓa ta ce da ƙanwata, "Ki ce wa wancan an gode." Ba ta sake faɗin sunana ba har yau.