Ranar da Gajere Ya Feɗe Jar Mota

A Tasawa, bayan kasuwa, an yi wani dattijo makanike da ake kira Gajere. Matarsa Biba ta rasu shekarar da aka sami mulkin kai, ɗansu guda kuma ya tafi Kano bai waiwayo ba. Abin da ya rage masa a tsakar gida shi ne wata jar mota mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar kada, wadda wani Anasara mai sayen gyaɗa ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Don tsere a kan kwalta aka ƙera ta, sai ƙaddara ta kawo ta ƙasar rairayi, inda jaki ma yakan wuce ta.

Tayoyinta sun daɗe da sacewa. Amma duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, Gajere yakan zuba mata ɗan isansi, wato fetur, ya tayar da ita, ya zauna a kan turmi yana saurare. In ban da tarinsa, muryar da ake ji a gidan ke nan.

Wata kakar gyaɗa, Alhaji Ƙadri, ɗan kasuwa daga Hawandawaki, ya yi sallama. Ya sayo abin ɓare gyaɗa, ba shi da injin da zai juya shi.

"Baba Gajere, ka duba mini injin motar nan tsakaninka da Allah. In da rai, ina so. In ya mutu, in bar ka da gawarka."

"Gawa ce ke ruri duk Juma'a?"

Alhaji ya yi dariya. "To, ai ka ba ni amsa, Baba."

Gajere ya yarda ya sayar, don wani abu da ya ajiye a ransa. Inji ba ya tafiya shi kaɗai, dole a sami mai kula da shi. In an kai shi Hawandawaki, to wa za a ɗauka in ba wanda ya san shi ba? Can akwai mata masu kawo gyaɗa, akwai hira, akwai wanda zai ce masa ina kwana. Sai dai dattijo ba ya roƙa wa kansa aiki. Ya bari sai Alhaji ya furta.

Ya dafa sandar ƙarfe a jikin injin, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya ji bugunsa daidai. Ya kwance buji, wato filogin wuta, ɗaya bayan ɗaya. Ya murza baƙin mai tsakanin yatsu, bai ji tsakuwar ƙarfe ba. Sannan ya shimfiɗa tabarma ya fara kwancewa, kowace ƙusa da inda yake ajiye ta.

Unguwa ta taru kamar an yanka sa, kuma wanda ya yanka ba ya hana maƙwabci. Na Allah maƙeri ya ɗauki ƙarafan ƙasa zai yi hauya. Safi baduku ya yanke fatar kujeru. Rakiya mai ƙosai ta ja murfin gaba ta ce ƙofar garken awakinta ta samu. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai haƙarƙari.

Maza suka ɗora injin a kan amalanke, aka ɗaure shi da igiya. Gajere ya zagaya yana taɓa ƙulli, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan bai san hannun kowa ba sai nawa."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Alhaji, yana sunkuyar da kai. "Har na so in yi maka magana, kunya ta hana ni. Wa zai sa tsoho kamarka ya wuni cikin ƙurar ɓawon gyaɗa? Ai sai mutane su zage ni. Na ɗauko wani Gazali daga Maraɗi."

Kalma ɗaya ta isa, kuma tana bakin Gajere. Ya dubi Alhaji, ya dubi mutanen unguwa da suke tsaye suna ji.

"Madalla," ya ce. "Ka faɗa masa kada ya matsa wa injin da safe. Ya bari ya yi ɗumi tukuna."

Shanu suka ja, amalanke ta bi hanyar rairayi tana kuka. Gajere ya tsaya har ta sha kwana. Sannan ya shiga ɗaki, ya ɗauko ƙunshin kayan da ya ɗaure tun da safe, riga biyu da buta da bargo, ya zauna ya kwance shi.