Hular kakana da takardar da ban samo ba

Shekarun baya, lokacin ina sabon mushe, wato malamin boko, a wata lakwal a Tasawa, na naɗa wa kaina sarautar da babu wanda ya ba ni: mai tarihin gidanmu. Kaye uku, wato littattafan rubutu, na cika da sunayen dangi. In ana biki ko suna, a ce wance da wane yaya suke, sai a ce a kirawo mushe. Ni kuwa in gyara zama, in yi tari, in fara.

Kakata ta wajen uba ita ce rijiyar da nake ɗiba. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma kai garau. Kakana, wanda ban tarar da shi ba, gardi ne, wato dogarin gwamnati, a zamanin kumandan na Nasara, kuma ya taɓa gaya mata cewa an rubuta aurensu a babban littafin gwamnati. Wannan magana ta zauna mata. Wata rana gaban jama'a ta ce, "Kafin in bi shi, ina son in ji an karanta mini wurin nan da aka sa sunana kusa da nashi. Duk jikan da ya kawo mini, hular nan tashi ce."

Hular dara ce, ja, ta koɗe, asu ma ya ɗan taɓa ta. Ko kyauta aka kai ta kasuwa ba mai ɗauka. Amma ni tun ranar na fara auna ta da kaina a zuci.

Bakans biyu, wato babban hutun lakwal, na kashe a kan wannan aiki. Na san kowane lungu na ma'ajiyar takardu a Tasawa, na shaƙi ƙurar kundaye har na yi mura. Ma'aikacin wurin in ya hango ni sai ya ce, "Mushe, yau ma kakan ne?" Hujjata ɗaya: a Tasawa ya yi aiki, a Tasawa ya zauna, a Tasawa aka bizne shi. To ina kuma za a rubuta aurensa?

Sai ga ɗan gwaggona, abokin wasana. Dillalin awaki ne a kasuwar Mayahi, lakwal ma aji huɗu ya yi ya gudu. Ya iske ni ƙofar gida na baza kayena, ya ce, "Kai bawana, har yanzu ba ka samo ba? Wai a ina aka ɗaura auren ma?"

Na ce, "Ka san ƙahon akuya, ka bar wa masu ilimi takarda."

Ya ce, "Ni dai na san ba a ɗaura aure gidan ango. Tsohuwa 'yar wajen Issawane ce, cikin ƙasar Mayahi."

Na yi dariya, na kore shi. Wallahi har da tafa hannu.

Sati uku bayan nan ya dawo bisa moto, ƙafafu duk rairayi, da hotokofi a cikin leda. Ashe ranar kasuwa, da ya gama cinikinsa, ya shiga ofis a Mayahi ya ba da sunan ƙauyen da sunan uban tsohuwa. Wani dattijon ma'aikaci ya ce ya dawo wani satin. Shi ke nan. Abin da na yi shekara biyu ina nema, shi ya samo shi tsakanin sayar da bunsuru da sallar la'asar.

Aka taru a tsakar gida. Sai dai rubutun na hannu ne, Faransancin da, mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma duk gidan ni kaɗai ke iya karanta shi. Ya miƙo mini yana washe baki, ya ce, "Karanta, mai ilimi."

Na duba. Su ne. Sunansa, sunanta, ƙauyen, har kawunta da ya yi mata walicci. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata ya ce: ka ce ba su ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Wa zai ƙaryata ka? In ƙura ta lafa ka je Mayahi ka ɗauko da kanka. Na tsaya kallon takardar har gwaggona ta ce, "Lafiya?"

Na ɗaga kai na ga tsohuwa ta karkato kunne wajena. Sai na karanta.

Da na ambaci sunan kakana ta ja mayafi ta rufe fuska, don ita tunda take ba ta taɓa faɗin sunan nan da bakinta ba. Da na zo kan nata, daga cikin mayafin ta ce, "Ashe bai yi mini ƙarya ba." Ta sa na maimaita sau uku. Sannan ta ce a buɗe akwati, ta lalubo kan ɗan gwaggona ta ɗora masa hular, ta ce, "Angona, ka biya ni." Mata suka yi guɗa. Ni kuwa aka ce, "Sannu da karatu, mushe." Iyakar rabona ke nan.

Wata guda ban yi wa ɗan gwaggona magana ba. In ya kira ni sai in ce ina aji, ko da ranar Lahadi ce.

Damina ɗaya tsohuwa ta ƙara a duniya. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta zaro takardar daga ƙarƙashin matashi ta ce in karanta mata. Har na haddace ta. Yanzu in na tuna cewa da na bi waccan muryar, da tsohuwar nan ta koma ɗaki da tunanin mijinta ya ruɗe ta, kuma ba lalle ta jira ni in gyara ba, sai jikina ya yi sanyi.

Amma kada ku ɗauka na warke. Ni da ɗan gwaggona mun shirya tuni, 'ya'yanmu ma tare suke wasa. Sai dai hular tana nan rataye a zaurensa a Mayahi, kuma duk ranar da na je, yana sane yake shimfiɗa mini tabarma daidai inda zan fuskance ta. Ni kuma in ja tabarmata in juya mata baya.