Baturen da Ke Sallah a Lokacin Keffi

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da wani dattijo ya shigo ofishinmu na unguwar Yara yana cigiyar Baturen Jamus ba. Ku sababbin ma'aikata kuna jin ana kirana da wannan suna kuna ƙunshe dariya. To, yau ku ji asalinsa daga bakin mai shi.

A shekarar da aka cire tallafin fetur ne. Ina zaman gwaji, ba a tabbatar da ni ba tukuna, amma ji nake duk Keffi babu mai rubuta manhaja kamata. Sai wani abokin cinikinmu, Alhaji Sabo mai sayar da abincin kaji, ya kawo aiki. Yana son ya riƙa sanin farashin da wani babban dila na unguwar Liman Abaji ke sawa a shafinsa na intanet. Farashin nan a fili yake, kowa na iya dubawa. Matsalar ita ce dilan, Alhaji Garba, uban matarsa ne. Kunyar suruki ba za ta bari a ce yana leƙen cinikinsa ba.

Ogana, Malam Bala, ya kira ni ya ce, "Nura, idan sunan Alhaji Sabo ya fito, kwangila ta tafi, kai ma ka bi ta."

Na ce, "Oga, ko aljani ba zai gane mu ba." Kun ji bakin da ya ja min.

Na rubuta 'yar manhaja da ke buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, da kanta, ta shiga shafin, ta kwafo farashi, ba hannun mutum. Sannan na bi da ita ta hanyar nan ta ɓad da sawu da muke kira albasa. Saƙo yakan ratsa kwamfutoci daban-daban, ɓawo kan ɓawo, kafin ya isa. Mai shafi sai ya ga baƙonsa daga Jamus yake, an jima kuma daga wata ƙasar. Da abin ya yi aiki, har tsire na saya wa kaina.

Abu ɗaya ne ban lissafa ba. Manhajar a kwamfutar teburina take aiki, ga shi Oga ya kafa doka saboda tsadar mai: da an kira sallah a kashe janareta, a kulle ofis, kowa ya nufi masallaci. Ni ma nakan kashe da hannuna, ina jin daɗin na cika umarni.

Ranar Litinin ɗin dattijo ya yi sallama, ya zauna, aka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya ce shi ne Alhaji Garba. Wallahi sai na hau lallaɓa kwamfutata ina rufe ta.

Ya ce, "Yarinyar da ke kula min da shafi ta ce muna da wani baƙo daga Turai, kullum yana duba farashin dusa. Amma mutumin kirki ne. Azahar ba ta wuce shi, La'asar ma haka. Ranar Juma'a kuwa tun kafin huɗuba yake ɓacewa. Kuma duk a lokacin Keffi! Na ce wannan Bature ai na gida ne."

Oga ya yi tari. Ni kuwa na ƙura wa takalmina ido.

Ya ci gaba, "Na duba, wa ke sauya farashi duk sanda na sauya? Sabo. Wa ke yi wa Sabo aikin kwamfuta? Ku. To, wane ne Baturen a cikinku?"

Na ɗaga hannu kamar ɗan firamare. Na riga na fara tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyata da yamma.

Sai dattijo ya fashe da dariya har da share hawaye. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro, ka riƙe sallah. Sabo kuwa ɗana ne. Kada ku gaya masa na zo, kunya za ta kashe shi. Ku bar Baturenku ya ci gaba da zuwa, ni ban ga kowa ba."

Haka aka yi. Kwangila ta ɗore, aka tabbatar da ni, amma ba don gwanintata ba. Alhaji Sabo har yau yana yabona a gaban mutane, wai na iya rufa asiri. Ni kuwa in sunkuyar da kai, ya ɗauka tawali'u ne.

Don haka idan kuna ɓoye adireshi, ku tuna hali zanen dutse ne, albasa ba ta rufe shi. Na bi da saƙo ta ƙasashen duniya don in rufa wa mutum asiri, ashe wanda nake ɓoye wa ɗin ne ya rufa mana duka.