Uwar Duwatsun Iya a Kan Dutsen Nakkasa

Talata: Kazaure zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Kazaure, ni da maigidana, a motar ƙaninsa wadda sai an tura ta take yarda ta tashi. Maƙwabta sun san Umara zan tafi, kuma ban yi musu ƙarya ba. Sai dai a ƙasan akwatina, ƙarƙashin hijabai, akwai ƙullin zare mai ƙwari da allurai uku da ɗan almakashi. Wanda ya san ni ya san ba ɗinki zan je yi ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara tsofaffin duwatsun wuya. Ba sana'ata ba ce, koyarwa nake yi a firamare, kuma ban taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Ran kasuwa nakan bi 'yan koli da tsofaffin da ke zazzage kayan ɗakinsu, in samu murjani nan, in samu tsakiya can, in wanke, in jera a faifai, in zura su a sabon zare. Maigidana yakan ce da ana ba da digiri a tsintar tarkacen matattu, da tuni na zama farfesa.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mini rai: abin wuyan kakata Iya, wadda aka sa mini sunanta. A hotonta guda da muke da shi, tsakiya ja goma sha shida ce a wuyanta, da wata babba mai zanen fari da ke sauka daidai ƙirji, wadda a gidanmu ake kira uwar. Abin wuyan yana Makka wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, da ta tafi aikin Hajji shekara talatin da huɗu da suka wuce ta ƙi dawowa. Ba ta da iƙama, wato takardar zama. Mijinta ya rasu a can, ba ta haihu ba. Duk wanda ya ce ta dawo gida amsarta ɗaya ce, a Makka take so a binne ta, saura ƙiris, a ƙyale ta.

Shinge biyu muka wuce kafin Kano, muka isa filin jirgi ƙarfe shida da minti goma, maigidana ya haɗa ni da ayarinmu ya juya gida. An ce tashi ƙarfe goma. Sai ɗaya da minti ashirin jirgin ya ga damar ɗagawa, babu wanda ya ce mana ko sannu. Ƙarfe takwas na agogon can muka sauka Jidda, bas ta kwashe ayarinmu zuwa Makka.

Laraba: Jarwal

Masaukinmu a unguwar Jarwal yake, hawa na biyar, mu huɗu a ɗaki, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. Da safe muka karya da gurasar tamis da wake na riyal biyar, muka taka zuwa Harami, tafiyar minti ashirin. Na yi Umarata da hantsi, na yi kuka da na ga Ka'aba kamar kowa. Amma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, a zagaye na huɗu na ɗawafi idona ya tsaya a kan zoben azurfar wata tsohuwa da ke gabana, har na fara ƙiyasta shekarunsa kafin in yi istigfari.

Da la'asar na bi shagunan Jarwal ina neman tsohon dutse. Babu. Wani mai shago ya miƙo mini jan carbi yana rantsuwa na asali ne. Na ɗora ƙwaya ɗaya a haƙorina, na ji roba ce, na mayar masa da kayansa. Ya bi ni da magana cikin Larabci, ban ji ba, ban kuma nemi a fassara mini ba.

Alhamis: Ka'akiyya

Ƙarfe tara Isuhu ya zo ɗaukata. Mutumin Maraɗi ne, direba, yana da takardunsa, shi ke yi wa Gwaggo aike. Minti ashirin da biyar muka yi zuwa Ka'akiyya, unguwar da Gwaggo take zaune, riyal talatin. A hanya ya ba ni labari cewa da a Nakkasa Gwaggo take, unguwar baƙi da ke kan dutse, sai aka shafa wa layinsu jan fenti aka rushe. Tun da ta dawo Ka'akiyya shekara biyu ke nan, ba ta taka ƙofar gida ba.

“Ko Harami ba ta zuwa, Hajiya,” in ji shi. “Kame ake yi. In an kama mutum sai tarhil, a mai da shi ƙasarsu, halas, shi ke nan.”

Ɗaki ɗaya suke zaune ita da Hajiya Mariya, 'yar Damagaram, mai tuwon sayarwa, wadda ta ɗauke ta tun ranar rusau. Gwaggo ta ƙanƙance, ta zama 'yar mitsitsiya. Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana cewa Uwata, Uwata, don bakinta ba ya iya furta sunan mahaifiyarta da nake ɗauke da shi. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta yi ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabinsu sun rasu, ina faɗa tana yi musu addu'a.

Bayan azahar ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin katifa ta juye mini a cinya. Na taɓa ɗaya a kumatuna na ji sanyin dutsen gaske. Zaren ya daɗe da tsinkewa. Na jera su a kan zanena, na ƙirga, goma sha shida. Na sake ƙirgawa. Sai na buɗe baki na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta a kunnena ba.

“Gwaggo, ina uwar? Ai in babu ita, wannan ba abin wuyan Iya ba ne, duwatsu ne kawai.”

Ta ce tana nan, ba ta ɓata ba. Ta ɗaure ta ne a gefen likkafaninta da ta wanke da zamzam, don duk wadda ta yi mata wankan gawa ta ɗauka tukuici. Likkafanin yana cikin akwatin da ta bari ajiya a can saman Nakkasa, wurin wata tsohuwar maƙwabciya da rusau bai kai layinsu ba tukuna. Na ce Isuhu ya kai ni in karɓo. Ta ce matar ba ta gani, kuma ba ta buɗe akwatin amana sai ta ji muryar mai shi.

Da baki na ce to a bar shi, ba komai. Fuskata kuwa ba ta ce haka ba. Kafin la'asar sau biyu na tambaya ko Nakkasar da nisa, sau ɗaya na fito da hoton Iya na nuna musu inda uwar take zama. Hajiya Mariya tana tuƙa tuwo tana kallona ta wutsiyar ido. Na ga kallon, na yi kamar ban gani ba.

Asabar: Nakkasa

Ranar Jumma'a a Harami na wuni. Ran Asabar ƙarfe goma saura kwata aka ce ina da baƙo a ƙasa. Isuhu ne, tsaye a bakin ƙofar masauki, bai ko gaishe ni ba. Ya miƙo mini wani ƙullin farin ƙyalle da bai kai girman ƙwan kaza ba.

Ga abin da ya faɗa mini. Bayan sallar asuba Gwaggo ta kira shi ya kai ta Nakkasa. Ya ƙi. Ta ce to za ta fita titi ta tari kowace mota, don uwarta ta taso tun daga Kazaure ta tambaye ta abu, ba za ta koma hannu rabi ba. Ya ga gara shi ya kai ta. Ya tsaya a gindin dutsen, ita ta hau da sandarta. Awa ɗaya da rabi yana jira. Tana saukowa motocin masu kame biyu suka tare bakin layin, ana tsayar da kowa ana tambayar takarda.

“Ta gan su tun daga sama,” in ji Isuhu. “Ta san in ta shigo motata, ni ma na shiga uku. Sai ta bi ta gefena, ta jefo wannan ta taga, ta wuce. Ko kallona ba ta yi ba. A madubi na ga an sa ta a mota.”

Ban kwance ƙullin ba, na san abin da ke ciki. Na ce ya kai ni wurin. Ya ce me zan yi a can, na ce ban sani ba, ya dai kai ni. Minti goma sha biyar muka yi. Rabin dutsen ya zama tsibin bulo da ƙarafa. Ga bango guda a tsaye da shuɗin fentin ɗakin wani, ga matattakala da ta hau ba ta kai ko'ina ba, ga murfin tukunya, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ni da ba na wuce tarkace ban tsuguna ba, ran nan ko ƙasa ban iya duba da kyau ba. Na ɗaga kai na ga tsayin hawan da tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta yi saboda ni, na zauna a kan bulo.

Daga nan muka wuce Ka'akiyya. Hajiya Mariya ba ta ɗora tukunya ba ran nan. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da na ji sauƙi. Ta naɗe katifar Gwaggo ta jingine a bango, sannan ta juyo.

“Shekara biyu ina tsaron matar nan kamar ƙwai,” ta ce. “Ke wuni ɗaya kika yi da ita.”

Lahadi zuwa Laraba: gidan tarhil

Ayarinmu ya tafi Madina ran Lahadi, ni na zauna. Kwana huɗu a jere Isuhu yana kai ni gidan da ake tsare waɗanda za a mayar, a kan hanyar Jidda, tafiyar minti arba'in. Kullum amsa ɗaya a bakin ƙofa: babu shiga, babu saƙo. Na kai magungunanta na hawan jini, na dawo da su. Akwai wani ɗan uwanmu na nesa da aka haifa a can, mai takardun ƙasa da shagon kayan gini. Na kira shi. Ya saurare ni har na gama, ya amsa da Larabci alhali yana jin Hausa sarai, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba.

Ran Laraba wata mata da ke jiran labarin ɗanta ta yi mini bayani ƙarara. Ta ce da an shiga ake ɗaukar basma, wato hoton yatsu, kuma wanda aka ɗauki nasa ya gama da ƙasar nan, balle tsohuwa. Na ce ko da Umara? Ta dube ni kamar ta tausaya mini, ta ce in je in shirya mata ɗaki a gida.

Na ji haushin masu rusau, na ji haushin masu kame, na ji haushin ɗan uwan nan da ya manta Hausa rana tsaka. Amma duk wanda na ɗora wa laifin, in na zauna sai in ga shekara talatin da huɗu suna nan, ita ma tana nan, ba su same ta ba sai da na zo.

Komawa gida

Ran Litinin ta sama, bayan ayarinmu ya dawo daga Madina, muka bar Jarwal ƙarfe bakwai na safe, jirgi ya tashi ƙarfe biyu, muka sauka Kano biyar saura. Ana kiran isha'i na shiga gidana a Kazaure. Mata suka cika tsakar gida ana yi mini barka, na raba dabino da zamzam, na amsa addu'o'i da bakin da ba nawa ba. Gwangwanin madarar da ƙullin ƙyallen na tura su can ƙasan akwati, har yau ban zura ko ɗaya ba. Faifaina ma na kife shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya, ko da ban cancanta ba. Na gode wa Isuhu da ya bar aikinsa kwana huɗu yana yawo da ni. Na gode wa Hajiya Mariya da ta riƙe mana tsohuwa shekara biyu ba dangin iya ba na baba, ina kuma roƙon ta yafe mini in za ta iya. Na gode wa maigidana, wanda tun da na ba shi labari bai sake yi mini tsiyar farfesa ba.

Kwana ashirin da shida bayan dawowata aka kira mu daga Kano cewa jirgin waɗanda aka mayar ya sauka. Muka je muka same ta zaune a kan benci, da baƙar abaya da leda ɗaya a hannu. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ta dafa kaina ta ce in tashi, uwa ba ta durƙusa wa 'yarta. Har muka iso Kazaure tana kallon gonaki ta taga.

Na kai ta ɗakin da na share mata. La'asar ta yi, na kawo buta, ta yi alwala a hankali, na miƙa mata darduma a hannu ta karɓa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin riƙe da ita, ta juya dama, ta juya hagu, ta daɗe a haka. Matar da ta shekara talatin da huɗu tana jin kiran sallar Harami daga inda take kwance.

“Uwata,” ta ce, “a garin nan ina ake fuskanta?”

Na kama kafaɗunta na juya ta gabas.