Ruwan Zafin da Baba Ya Nema

Tamale zuwa Walewale

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na bar unguwarmu ta Choggu da fulas ɗin shayin mahaifina a jaka, babu komai a ciki. Baba Sidu, amininsa tun suna fataucin goro, yana jirana a tasha.

Shi ya jawo tafiyar nan. Wata takwas mahaifina ya yi a kwance da shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ba ya furta komai sai "ruwan zafi". Ni kuwa, sarkin sani, sai in dafa shayi in kai masa, ya ture kofin, in fita ina ƙunƙuni. Sai bayan ya rasu, ranar sadakar arba'in, Baba Sidu ya gaya mini ba shayi yake nufi ba. Wani marmaro ne mai zafi a duwatsun bayan Nakpanduri, inda suke gasa ƙafafunsu a zamanin fatauci.

Ƙarfe shida mota ta tashi. Shinge biyu muka wuce, takwas da kwata muna Walewale. Koko da ƙosai sidi goma, na kasa shanyewa.

Kan dutse

Sha ɗaya da rabi muka sauka Nakpanduri. Babur ya kai mu gindin dutse, saura minti arba'in a ƙafa, tsohon nan yana gabana ina haki. Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗi. Ruwa ne kawai ke ɓuɓɓugowa daga tsagin dutse yana tururi, yana taruwa a wani kwarmi kamar babbar tasa. Da mutum biyu da kujera, da mun kawo Baba nan. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Baba Sidu ya naɗe wando ya tsoma ƙafa. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tun Baba na da rai.

Bai ɗago ba. "Sau uku na zo gaisuwa. Kai ka ce shi na barci."

Gaskiya ne. Gajiya da baƙi ce ta sa na faɗi haka.

Komawa

Na cika fulas, ƙarfe ɗaya muka juyo, muka shigo Tamale bayan magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Baba Sidu da bai sake tayar da maganar a hanya ba. Washegari da safe na je maƙabarta na zuba wa Baba ruwan a kan kabarinsa. Ya riga ya huce.