Idrisu Na-Baya da Igiyar da Ya Ajiye

Shekara goma sha ɗaya, duk mai sammako zuwa tashar motocin Kaduna a Birnin Gwari ya san abin da zai tarar. Sauran direbobi suna gaban layi suna cacar baki kan wanda zai bi bayan motar rakiya, shi kuwa Malam Idrisu yana can ƙarshen tasha, durƙushe a bayan tsohuwar Fijonsa, yana warware wata igiyar jan mota a ƙasa. Zai bi ta da yatsu daga wannan ƙugiya zuwa waccan, ya ja ƙulli ukun da ke jikinta ya ji ko sun saki, sannan ya naɗe ta ya ɗora a saman kaya, inda hannu zai kai ba sai an sauke buhu ba. Sai ya dafa bamba ya miƙe da ƙyar, ya je ya sha kokonsa. Bai taɓa neman layi ba, don kowa ya san layinsa. Motarsa ce ta ƙarshe, shi ya sa ake ce masa Na-Baya.

Wanda bai san hanyar nan ba zai ce, to sai me? Tun da daji ya lalace, motoci suka daina fita ɗai-ɗai. Taruwa ake yi a yi ayari, masu rakiya a gaba, a taka wuta har a fita daga inda ake tsoro. Na gaba yana kusa da masu rakiya. Na baya ba shi da kowa sai Allah da madubinsa, kuma in 'yan bindiga suka fito, shi suka fi samu. Motar da ta mutu a tsakiyar daji kuwa ba a jiran ta. Ba mugunta ba ce, kowa ta ransa yake yi. Idrisu ne kaɗai ya ɗora wa kansa dokar da ba wanda ya sa shi: ba ya wuce motar da ta tsaya.

Ba a nan ya koyo wannan ba. Da ƙuruciyarsa ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ya ja tirela zuwa Agadas, ya kai albasa Kumasi, ya taɓa yin kwana goma sha biyu a bakin iyakar Chadi saboda takarda guda da ta jiƙe. A Agadas ne ya haɗu da wasu Turawa kusan su ashirin, sun taso daga ƙasarsu cikin tsofaffin motoci tara, sun ratso hamada, da niyyar kai motocin Kamaru su bai wa asibitocin karkara kyauta. Tafiyar tasu rabi wasa ce, ga tutoci ga zane-zane a jikin motoci, amma ba wanda ya iya wanke kafireta a cikinsu. Suka ɗauke shi ja-gora kuma bakanike.

Samarin cikinsu tsere suke yi a gaba, bai ma riƙe fuskokinsu ba. Wadda ta tsaya masa a rai wata tsohuwa ce mai furfura, malamar jinya da ta ajiye aiki, wadda kullum ita ce a ƙarshe, da igiya a kujerar gefenta. Duk wanda rairayi ya kama, ita ce ke isowa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, sai ɗan Faransancin tasha da nuni da hannu. Ranar da suka rabu a Garwa ta miƙa masa igiyar. Ya kawo ta gida ya jefa a ƙarƙashin gado, ta yi shekaru a nan, har ranar da aka fara fita cikin ayari.

"Sai na tuna da ita," in ji shi. "Tsohuwa, baƙuwa, a ƙasar da ba tata ba. To ni fa, a hanyar gidanmu?"

Kada wani ya ɗauka an yi masa tafi. Fasinja ba wawa ba ne. Da zarar ɗan kamasho ya nuna masa Fijon Na-Baya, sai ya tuna ya manta wani abu a gida. Abin da ke saura wa Idrisu shi ne buhunan masara, da tsofaffin da ba su iya turereniya, da marar lafiyar da ke bukatar wurin kwanciya. Matarsa Jamilatu ta yi magana har ta gaji.

"Malam, kai kaɗai aka haifa da tausayi a garin nan?"

"To wa zai tsaya, Jamilatu?"

Amsar ke nan kullum. Daga baya ta daina tambaya, sai dai ta ajiye wayarta kusa da murhu tun safe, ba ta iya cin abin kirki sai ya kira ya ce sun shiga Kaduna.

Sau uku igiyar nan tana tsinkewa, shi ya sa ƙulli uku. Na farko, wata a-kori-kura ce ta masu doya daga Randagi, an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Na uku, Idrisu ba ya ba da labarinsa, waɗanda suka gani ma ba sa so. Abin da aka sani kawai shi ne motar da ya jawo ran nan ba direbanta ne ya riƙe sitiyari ba. Na biyu kuwa na Enoch ne, wani direba mutumin Kakangi, mai 'ya'ya biyar, kuma da bakinsa ya ba da labarin.

Damina ce, ciyawa ta fi mutum tsawo. Fambel ɗin motarsa ya tsinke a tsakiyar daji, lagireto ya tafasa, ga fasinja shida har da mai tsohon ciki da ake kaiwa asibiti. Motoci suka yi ta wucewa fuu, wasu ko kallonsa ba su yi. Ayari ya ɓace, sai ga ƙarar babura can cikin daji.

"Ni na riga na fara addu'a ta ƙarshe," in ji Enoch. "Sai ga Baba ya zo ya tsaya a gabana. Ko sannu bai ce ba. Ya ce, 'Cire giya, ka sa ƙafa kusa da birki.' Muna cikin hawa tudu igiya ta tsinke. Na ce, 'Baba, ka kwashi matan ka tafi, ka bar ni.' Ya fito ya ɗaure ta a hankali kamar mai ɗaure akuya a gida. Na san shi ma tsoro yake ji, amma bai yi sauri ba. Ya ce, 'In na yi sauri za ta sake kwancewa.'"

Sun fita. Matar ta haihu a Kaduna kafin la'asar.

Malam Idrisu, kai ne wanda ya tsaya a inda kowa ke gudu. Kai ne ka ji tsoro kamar kowa, ka fito da tsoron naka ka durƙusa a kan kwalta. Ba ka da kaki, ba ka da bindiga, ba ka da ko takardar yabo a bango. Na-Baya, mai zuwa bayan an fid da rai! Mun daɗe muna cin moriyarka muna yi kamar ba mu gani ba, don in mun gani sai kunya ta kama mu.

Amma jiki ba ƙarfe ba ne, ƙarfen ma gajiya yake yi. Gwiwa ta fara, baya ya biyo, sai ido. Ya daɗe yana ganin hanya dishi-dishi, yana ɗora laifin a kan gilashin mota. Wata Talata, wata biyar da suka wuce, suna tsakiyar daji sai wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Direba, yau ba ka tsayawa ne?" Ya ce wa zai tsaya wa? Ta ce ai sun wuce wata mota mai ruwan toka a inuwar itatuwa, mutane na ɗaga hannu.

Ya juya, ya koma, ya jawo su, ba abin da ya sami kowa. Mutanen suna ta godiya, shi kuwa abu ɗaya ke damunsa. Bai gan su ba ko kaɗan. A asibiti aka ce yanar ido ce ta rufe ɗaya, ɗayan ma ta kama. Ya dawo ya ce wa Jamilatu, "Na baya da ba ya gani ya fi babu haɗari. Mutane za su tsaya suna jirana, ni kuma in wuce su." Ita da ta shekara goma tana roƙon ya daina, ranar sai ta fashe da kuka.

Aka yi masa taron sallama a tasha ranar Asabar. Aka sha lemo, aka ba shi shadda da agogon bango, kowa ya tashi ya yabe shi. Da aka gama, sai ya ɗauko igiyar ya ajiye a kan benci.

"Na gode. Amma ga wannan. Wa zai ɗauka?"

Masu dogon jawabi suka koma duba waya. Idanu suka juya kan Enoch, shi kuwa bai ɓoye ba.

"Baba, ka yafe mini. Yara biyar gare ni. Ba zan iya ba."

"Ban ga laifinka ba, ɗana," in ji Idrisu. Da gaske yake, amma muryarsa ta mutumin da ya gaji ce ƙwarai. Ya bar igiyar a nan ya tafi gida. Ta kwana biyu a kan benci, masu zama suna matsawa gefe don kada su taɓa ta.

Ranar Litinin ya zo tasha da sanda, ya zauna kusa da ita. Jamilatu ta ɓoye makullin Fijo, don ta san halinsa. Ayari ya fara fita, ba kowa a baya. Enoch shi ne na uku a layi. Da aka zo kansa sai ya fito ya tsuguna yana duba taya. Na huɗu ya wuce, na biyar ya wuce. Fasinjojinsa suka fara masifa, biyu suka sauka suka canza mota. Shi dai yana ta duban tayar da lafiyarta ƙalau, har mota ta ƙarshe ta fita. Sannan ya taho wajen benci, kansa a sunkuye, ya ɗauki igiyar.

"Aro ne, Baba. Na yau kaɗai."

"To. Ka ɗora ta a saman kaya, kada ka sa a ƙasa."

Yau wata biyar ke nan, kullum da yamma Enoch yana dawo da ita kan benci, kullum da safe yana sake aro. Har yanzu yana cewa ba zai iya ba.

Malam Idrisu, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya hutar da gajiyarka, Ya saka wa Jamilatu da ta sha zaman jira. Ku kuma direbobinmu, ba a ce kowa ya koma baya ba, amma bai kamata nauyin nan ya sake zama a wuyan mutum ɗaya shekara goma sha ɗaya ba. Ku karɓa wa Enoch ko da rana ɗaya ce a mako.

Shi dai tsohon bai huta ba tukuna. Da la'asar za ka same shi a kan bencin nan, ba ya gane fuska daga nesa, amma yana gane kowace mota da kukan injinta. Yana zaune yana sauraro, ba ya tashi sai ya ji ta ƙarshe ta shigo.